ZAUREN UWARGIDA: 'Yarki Ta Ce Ilimin Annoba Za Ta Karanta, Ina Za Ta Yi Aiki?

    

A wannan watan zan ɗan kauce daga zancen tarbiyyar ƙanana da muka saba, in taɓo na manya, wato waɗanda suka riga suka gama jami'a. Dalili kuwa, akwai tambayar da ta zo mini fiye da sau ɗaya daga iyayen ɗalibaina. Yarinya ta yi shekara shida tana karatun likita, ko shekara biyar tana karatun gwaje-gwajen asibiti, ta yi hidimar ƙasa, ana murna an sauke nauyi, sai ta zo ta ce za ta koma digiri na biyu a wani fanni wai shi efidemiyoloji. Uwa ko sunan ba ta iya maimaitawa. In ta tambaya me ake yi da shi, sai a ce mata ai mai wannan karatu ba ya zama a ɗakin duba marasa lafiya, ba ya rubuta magani, ba ya fiɗa. Nan take gwiwarta ta yi sanyi, ta ce to ina amfanin wahalar da aka sha, kuma wa zai ɗauke ta aiki?

Tambaya ce mai kyau, uwargida, kuma kina da haƙƙin yin ta, domin ke kika san abin da kika sayar aka biya kuɗin makaranta. Bari mu fara da sanin mene ne abin.

Idan kika kai ɗanki asibiti yana amai da gudawa, likita zai duba shi ne shi kaɗai, ya ga abin da ke damunsa, ya ba shi magani. Shi kuwa mai ilimin annoba, abin da zai tsaya a kai shi ne me ya sa yara ashirin suka kwanta a unguwa ɗaya cikin mako guda, alhali unguwar da ke maƙwabtaka da su ko mutum ɗaya bai kamu ba. Su wa suka kamu, a ina suke zaune, yaushe abin ya fara? Da waɗannan tambayoyi, da ƙidaya, da tafiya gida-gida, yake gano inda cutar take fitowa. Masu fannin sukan kafa misali da wani likitan Ingila, John Snow, wanda a 1854 ya bi gidajen da kwalara ta yi kisa a wata unguwa ta Landan, ya ga akasarinsu famfo ɗaya suke ɗiban ruwa, ya sa aka cire hannun famfon. Mu ma muna da namu tarihin. Wajen shekara ta 18 bayan Hijira, lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa bai shiga ba, kuma Abdurrahman bin Auf ya shaida masa cewa Manzon Allah (SAW) ya hana a shiga garin da annoba ta ɓulla, ya kuma hana na ciki fita don gudun ta. Imamu Gazali kuwa ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, waɗanda in al'umma ta rasa mai yin su gaba ɗaya ta yi laifi. Wannan fanni da 'yarki take so, ai waɗannan biyun ne aka haɗa wuri ɗaya.

Amma misalin da ya fi taɓa ni na nan gida ne. A farkon 2010 yara ƙanana suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. Yaro zai fara amai, sai jijjiga, sai ya sume, sai rai ya yi halinsa. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka yi ta ba da magungunansu, ba su yi komai ba. Likitocin agaji na ƙungiyar MSF ne suka fara ankarar da hukuma, daga nan aka turo masu bin diddigin cututtuka na gida da na waje, suka shiga ƙauyukan Dareta da 'Yargalma suna bi gida-gida. Tambayoyinsu irin waɗanda ke ma za ki iya amsawa ne. Yara nawa ne 'yan ƙasa da shekara biyar a gidan nan? Nawa suka rasu a bana? Me ake yi a tsakar gida? Da suka haɗa lissafi sai suka ga kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu na ƙauyukan biyu ya rasu cikin shekara guda, kuma mutuwar ta fi yawa a gidajen da ake sarrafa duwatsun zinariya. Maza ne ke haƙo duwatsun su kawo gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, a shanya a tsakar gida. Ashe duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta sauka a ƙasa, yaro mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baki. Mutanen ƙauyukan ma sun ce tun kafin yara su fara mutuwa agwaginsu suka fara ƙarewa, ba wanda ya kawo komai a ransa. An ƙiyasta yaran da suka rasu sun kai 400. Abin da ya tsayar da mutuwar shi ne fitar da aikin duwatsun daga cikin gidaje, da kankare ƙasar tsakar gida a zuba sabuwa, sannan aka ba yaran maganin da ke fitar da gubar daga jini. Da magani kaɗai aka bayar, yaron zai koma gida ne ya sake shan ƙurar.

To ki lura da wani abu a wannan labari, uwargida. Duk amsoshin da aka nema a tsakar gida suke, a bakin mata. Uwa ce ta san ranar da jikin yaro ya fara zafi, ita ta san turmin da aka daka dutse shi ne aka daka gero, ita ta san jaririn da ya koma kafin suna wanda ba a kai lissafinsa ko'ina ba. Gidajenmu kuwa kin san abin da aka rubuta a ƙofar zaure: ba a shiga. Namiji baƙo, kome digirinsa, a zaure zai tsaya, maigida ya ba shi amsar da ya ga dama ko wadda ya iya tunawa. Ko an bar shi ya shiga, wace mace ce za ta zauna ta faɗa wa namijin da ba ta sani ba ɓari nawa ta yi, ko kwana nawa ta yi tana zubar da jini bayan haihuwa? Wannan ya sa nake ganin babu yankin da ya kai namu buƙatar mata masu wannan ilimi, masu jin Hausa da Fulatanci da Barbarci, waɗanda za su yi sallama su shiga har ɗaki a shimfiɗa musu tabarma. Mata masu ɗiga allurar rigakafi da masu cike takardun tambayoyi muna da su da yawa. Inda muke da ƙaranci shi ne a sama, wajen masu tsara tambayar da masu fassara amsar.

Shi karatun iri-iri ne. Akwai digiri na biyu a kiwon lafiyar al'umma da ake yi a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Akwai kuma shiri na musamman da aka fara a Najeriya a 2008, mai suna NFELTP, na horar da masu bin diddigin cututtuka a fage, wanda aka haɗa da jami'ar Zariya da ta Ibadan. Babban matakinsa shekara biyu ne, kuma kashi ɗaya cikin huɗu kawai ake yi a aji, sauran ukun a bakin aiki. An gina shi ne a kan likitocin mutane, da likitocin dabbobi, da masu gwaje-gwaje. Kada ki yi mamakin ganin likitan dabbobi a ciki, domin cututtuka da dama daga dabba suke tsallakowa: zazzaɓin Lassa daga ɓera, ciwon haukan kare daga kare, murar tsuntsaye kuwa da ta fara ɓulla a nahiyar Afirka a 2006 a wata gonar kaji ce a jihar Kaduna. Irin wannan shiri ya fi karkata ga waɗanda suka riga suke aiki a ma'aikatun lafiya. Saboda haka shawarata ga wadda ta gama hidimar ƙasa, ta fara neman aiki tukuna, ko da a ƙaramin asibiti ne, ta ga yadda abubuwa ke tafiya, sannan ta nemi hutun karatu. Wadda ta tara takardu ba ta taɓa riƙe rajistar asibiti ba, ita ce ke daɗewa tana yawo da fayil.

Idan an gama, babbar ƙofa ita ce aikin gwamnati. A kowace ƙaramar hukuma akwai jami'in sa ido kan cututtuka, wanda asibitoci ke kai wa rahoto in sun ga ƙyanda, ko sanƙarau, ko yaron da ƙafarsa ta shanye farat ɗaya. A kowace jiha akwai babban jami'in annoba a ma'aikatar lafiya, da ma'aikata a ƙarƙashinsa, kuma nan ne masu digiri na biyu suka fi samun gurbi. A Abuja akwai hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, wadda aka sa wa dokarta hannu a 2018, da hukumar kula da lafiya a matakin farko mai riƙe da harkar rigakafi. Aikin yau da kullum ba shi da wani armashi a ido: karɓar rahotanni, tsaftace lissafi, buga waya a tambayi asibitin da bai aiko da nasa ba. Sai ranar da abu ya ɓarke ake sanin amfaninsa. A ranar 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Likita mace ce, Dakta Stella Adadevoh, ta hana shi barin asibiti duk da matsin da aka yi mata, ita ma ta kamu ta rasu. Bayanta masu bin diddigi suka ɗauka, da yawansu ɗalibai da tsofaffin ɗaliban wancan shiri na NFELTP. Sun bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, kowanne ana zuwa a auna zafin jikinsa kullum har kwana 21. A garin da ke da mutane miliyoyi, mutum 20 kawai suka kamu a ƙasar baki ɗaya, 8 suka rasu, kuma a ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da cutar. Ki tuna motoci nawa ke tasowa daga Legas zuwa Kano kowace rana, sai ki san da mu ma aka yi wannan aiki.

Aikin gwamnati albashinsa ba ya kai ya kawo, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Amma yana da fansho, yana da hutun haihuwa, kuma ma'aikaciyar jiha a jiharta take zaune.

Ƙofar da 'yan mata suka fi hange ita ce ta ƙungiyoyi: Hukumar Lafiya ta Duniya mai ofisoshi a jihohi, da UNICEF, da MSF, da AFENET mai kula da irin wannan horo a ƙasashen Afirka, har da cibiyar daƙile cututtuka ta Tarayyar Afirka da aka buɗe a Addis Ababa a 2017. Gaskiya suna biya fiye da gwamnati nesa ba kusa ba, kuma ana koyon aiki sosai. Sai dai ki ja kunnen 'yarki a nan. Akasarin aikin kwantiragi ne, na shekara ɗaya ko biyu, kuma kuɗin daga wata ƙasa yake zuwa. A 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa a waje, ta rufe hukumarta ta USAID, ta kuma ba da sanarwar ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya. Ma'aikatan lafiya da yawa a Najeriya da sauran ƙasashen Afirka suka wayi gari babu aiki. Wanda ya hau motar aro, duk inda mai mota ya ce a sauka nan za a sauka. Wadda ta samu irin wannan aiki ta yi, amma ta yi tanadi, kada ta ɗora wa kanta da iyayenta rayuwar da albashin wata uku kawai zai rushe.

Ni dai, in za a tambaye ni abin da ya fi dacewa da mai miji da goyo, sai in ce koyarwa da bincike a jami'a ko asibitin koyarwa. Mutum yana zaune a garinsa, yana da ɗalibai, aikinsa kuma yana kaiwa nesa. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero likitar mata ce, tana cikin waɗanda suka jagoranci wani babban bincike da aka fitar da sakamakonsa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. An riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke nuna yawan jinin da ya zuba, maimakon ungozoma ta ƙiyasta da ido, in ya kai wani mizani sai a haɗa mata magungunan gaba ɗaya ba tare da jira ba. Aka samu mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin ɗari. Ke da kika san mata nawa muka rasa a kan gwiwa saboda jini, kin san girman wannan. Irin wannan bincike ba ya yiwuwa sai da masu ilimin tsara shi da masu ƙididdiga. Kin ga ke nan fannin bai tsaya kan cututtuka masu yaɗuwa ba. Hawan jini, ciwon suga, sikila, sankarar mama, tamowa, duk suna buƙatar mai ƙirga su.

Akwai wani dalili kuma da ya sa nake son ganin 'ya'yanmu a wannan ɓangare. A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000. Ana cikin haka kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a wani gwaji da ya shafi yara 200 a Kano, abin da ya jawo shari'ar da sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar. Ɗacin wannan yana cikin abin da ya sa mutane suka yarda da jita-jitar allurar shan inna a 2003, har aka dakatar da ita a Kano sai 2004, cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe, kuma sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Yau duk binciken da za a yi a kan mutane sai ya bi ta hannun kwamitin da ke duba ko ya dace. Wa zai zauna a wannan kwamiti ya karanta takardun, ya gane lissafin, ya ce wannan ba za a yi shi a kan yaranmu ba, wancan kuwa lafiya ƙalau ne ku kawo yaranku? Mutane sun fi jin maganar wadda suka san gidan ubanta.

Akwai kuma masu zama da kwamfuta kawai, suna tace alƙaluman da wasu suka tattaro, suna fitar da rahoto. Wani lokaci daga gida ma ake yi in akwai wuta da intanet. Wadda hannunta ya faɗa a wannan ba ta cika rasa abin yi ba.

Yanzu sai maganar da na san tana ranki tun ɗazu, wato aure. Ba zan ɓoye miki ba, aikin fage yana da tafiye-tafiye. Annoba ba ta duba ranar suna ko jajibirin salla, in aka kira sai a tafi, wani lokaci kwana uku, wani lokaci mako biyu, a ƙauyen da mota ba ta kaiwa. Yana da haɗari kuma. Zazzaɓin Lassa ya sha kashe ma'aikatan lafiya, kuma a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun harbe ma'aikatan rigakafin shan inna tara a Kano, akasarinsu mata. Hanyoyin wasu ƙananan hukumomi a yau kowa ya san halin da suke ciki. Saboda haka kada a yi wa manemi rufa-rufa. Tun kafin a sa rana a zaunar da shi, waliyyinta ya faɗa masa irin aikin, ya ji da kunnensa cewa akwai kwana a waje, a ji ta bakinsa. Zancen tafiya da muharrami a kai shi gaban malamin da aka amince da shi, a faɗa masa gaskiyar yadda tafiyar take, da su wa ake yi, ina ake sauka. Abin da na sha gani shi ne, ana zumuɗin biki kowa ya ce ba komai, bayan wata shida a zo ana ko aiki ko aure, yarinya ta ajiye karatun shekara goma ko ta dawo ɗakin uwarta. Idan kuma mijin ya ce bai yarda da kwana a waje ba, ai ga koyarwa, ga aikin alƙaluma, ga ofishin jiha, ba dole sai an bar fannin ba. Ke ma uwargida ki shirya, domin ranar da aka kira ta cikin dare, ƙofarki za a ƙwanƙwasa da jikoki. Wannan shi ne naki kason a aikin.

Ga mai 'ya a sakandare kuwa, abin da za ki sa wa ido tun yanzu shi ne lissafi. Yaranmu mata da yawa suna son aikin lafiya amma suna gudun lissafi kamar wuta, wasu iyayen ma suna taya su da cewa ai ba na mata ba ne. Yarinyar da ta iya raba gado a ajin faraili, ta fitar da sumuni da sudusi ba ta yi kuskure ba, me zai gagare ta a ƙididdiga? Ta samu kiredit a lissafi da Turanci da darussan kimiyya uku, wato bayoloji da kemistiri da fiziks, ta kuma saba da kwamfuta tun da wuri. Kada kuma ta bar Hausarta ta lalace don ta shiga makarantar kuɗi, domin ranar da za ta zauna gaban tsohuwa a ƙauye tana tambayar yadda jikanta ya fara ciwo, sai ta san me ake nufi da “ta sama” da “iska” da “shawara” kafin ta san abin da za ta rubuta a takarda.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A gaida yara.